Darasin noma: Yadda malaman gona ke koyar da adana masara bayan girbi

Iyalan da suka samu ɗan fili a gefen sansani suka shuka masara sun san wahalar da aka sha kafin ta nuna. To amma sau da yawa asarar tana zuwa ne bayan girbi, lokacin da danshi da ƙwari da ɓeraye suka shiga buhu. Shi ya sa malaman gona ke zagayawa da kaka. Ga yadda suke isar da saƙonsu, da abin da ya kamata ku ɗauka.

Hanya ta farko ita ce gwaji a gaban jama'a, domin gani ya kori ji. Malami zai kawo kwalba busasshiya, ya zuba masara har kashi ɗaya cikin uku, ya ƙara busasshen gishiri cokali 2 ko 3, ya rufe ya girgiza, a jira kamar minti 15. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar ba ta bushe ba, sai a mayar da ita rana. Abin da ake so shi ne danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100. A riƙa shanya a kan tamfol ko tabarma, kada a zube ta a ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce ɗaure buhu da buɗe shi. Ana amfani da buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwada dabararsa kan wake a arewacin Kamaru. A cika shi a gaban kowa, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Bayan wasu watanni a sake taruwa a kwance. Ƙwarin da ke ciki sun mutu saboda rashin iska, ba tare da an sa magani ba. Leda mai huji ba ta wannan aiki, don haka a duba ta kafin a zuba.

Hanya ta uku ita ce horar da manomi ɗaya, namiji ko mace, ya koya wa maƙwabtansa cikin harshen da suke ji. Ana kuma bi ta rediyo da hotuna, saboda waɗanda ba su yi karatu ba. Mata su yi ƙoƙarin halarta, tunda shanya da shiƙa da ajiya galibi a hannunsu suke.

Akwai gargaɗi biyu da malamai ke nanatawa. Masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A tsince ta a binne, kada a ba yara ko kaji. Na biyu, kada a sa ƙwayar maganin ƙwari mai fitar da iskar guba a ɗakin da ake kwana, domin tana kisa.

A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango. Wanda bai gane wani mataki ba ya tsayar da malami ya sake nuna masa, ko ya nemi shugaban unguwarsa ya sanar da shi ranar taro na gaba.