Baƙuwa a Gonar Bo'aza: Darasi a Kan Baƙo a Wurin Aiki

Kafin a fara, sai wani ya karanta Littafin Rut sura 2 duka da murya, a hankali, domin kowa ya ji. Sa'an nan a karanta Littafin Firistoci 19:33-34 da Kubawar Shari'a 24:14-15.

Gabatarwa

Wanda ya yi sammako a Abuja ya san mutanen nan da sukan tsaya a bakin hanya tun da asuba, kowa da shebur ko diga a hannu, suna jiran wanda zai ɗauke su aikin yini. Waɗansu masu cin rani ne daga Katsina da Sakkwato, waɗansu daga Maraɗi da Damagaram ta ƙasar Nijar. A wurin gini kuma akan iske magina da masu sa tayil daga Togo da Kwatano. Da dare ya yi, mai gadin ƙofa sau da yawa baƙo ne, haka ma mai ruwa da ke tura kura da jarkuna. Darasinmu na yau tambaya ɗaya ce: yaya mai bin Yesu zai yi da baƙon da suke aiki tare?

1. Yadda aka kira ta

Rut ta zo Baitalami a farkon girbin sha'ir, gwauruwa, ba ta da gona. Ta fita yin kala, watau tsintar zangarnun da masu girbi suka bari. Ba sata ba ce, ba kuwa bara ba ce, gama Shari'a ta riga ta ba matalauci da baƙo wannan hakki (Firistoci 19:9-10).

Sai mu lura da aya 5 zuwa 7. Bo'aza ya tambayi shugaban masu girbi ko wace ce wannan mace. Shugaban bai faɗi sunanta ba. Ya ambaci Mowab sau biyu a numfashi ɗaya, kāna daga baya ya shaida cewa tun da safe take aiki. Ƙasarta ta riga aikinta fita daga bakinsa. Mowab kuwa suna ne mai nauyi a kunnen Ba'isra'ile, gama Kubawar Shari'a 23:3 ta hana mutanen Mowab shiga taron jama'ar Ubangiji.

Mu da muke aikin fassara mun iske kalmomi biyu a Ibrananci. Ɗaya ita ce "ger", baƙon da ya zauna a ƙasa, wanda Shari'a take kāre shi. Ɗayar kuwa "nokri", wanda ba shi da rabo da jama'a ko kaɗan. Hausa ma tana da irin wannan: akwai baƙo, akwai bare. Baƙo akan shimfiɗa masa tabarma, bare kuwa akan yi shiru in ya shigo. A aya 10, da kalma ta biyu Rut ta kira kanta. Ta san yadda ake ganinta.

Ƙiyayya a wurin aiki daga nan takan fara. Mutum ya shekara yana ɗaukar kwano tare da mu, amma har yanzu "ɗan Nijar ɗin nan" yake, ko "Inyamurin nan", ko "Aboki" in a bakin waɗansu ne. Idan siminti ya ɓace, shi za a fara dubawa. Idan ɗaya daga cikin mutanensu ya yi ha'inci, sai a ce halinsu ne duka, wake ɗaya ya ɓata gari ke nan.

2. Abin da Bo'aza ya yi

Bo'aza bai tsaya ga jin tausayi ba. Ya yi abu huɗu da ido ke gani.

Na fari, ya umarci samarinsa kada su taɓa ta (aya 9). Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama Na'omi da kanta ta ji tsoron abin da zai sami Rut a wata gona (aya 22). Mace baƙuwa a wurin aiki tana cikin hatsari biyu.

Na biyu, ya ce ta sha daga tulunan da samarin suka ɗebo. Tulu ɗaya ne ga ɗan gari da baƙuwa.

Na uku, da lokacin cin abinci ya yi, ya kira ta ta zauna kusa da masu girbi, ya miƙa mata gasasshen hatsi, ta ci ta ƙoshi har ta rage (aya 14).

Na huɗu, ya hana su kunyata ta ko tsauta mata, har ya ce su zare waɗansu zangarnu daga dammuna su bar mata (aya 15 da 16). Bai zuba mata hatsi kyauta a gaban mutane ba. Ya bar ta ta yi aikinta, ta koma gida da abin da hannunta ya tara, wajen efa guda na sha'ir, da mutuncinta kuma.

Ga abin da muke so kowa ya riƙe: Bo'aza ya yi magana da ma'aikatansa. Bai ce a ransa, ni dai ba na zaluntar kowa, ya wuce ba. Wanda yake da iko, ko da ikon helma ne a kan leburori biyar, Allah zai tambaye shi abin da aka yi wa baƙo a gabansa.

3. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe

Kada mu zaci wannan cuta ta wata ƙasa ce kaɗai. A ran 1 ga Mayu na shekarar 2004 ƙasar Polan ta shiga Tarayyar Turai, Birtaniya kuwa ta buɗe wa mutanenta ƙofar aiki. Dubban ɗaruruwa suka tafi, suka shiga aikin gini da gonaki da masana'antu, har ƙidayar 2011 ta nuna harshensu shi ne na biyu da aka fi yi a Ingila. Sai aka fara cewa sun zo su ƙwace aiki, su karya lada. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta ran 23 ga Yuni 2016, aka iske takardun zagi an rarraba a garin Huntingdon, ana kwatanta su da ƙwari, aka kuma yi rubutun ɓatanci a ƙofar gidan al'adunsu a Landan. Alhali kuwa matuƙan jiragen sama na Polan sun yi yaƙi domin kāre Ingila a 1940. Fatarsu ɗaya da ta masu zaginsu, yawancinsu kuma Kirista ne. Ashe ba launi ko addini ne tushen abin ba, zuciyar ɗan Adam ce.

Mu ma mun sha daga wannan ƙoƙo. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita. Yarabawa da Hausawan zango da mutanen Nijar suka bar kayansu suka kama hanya, waɗansu kuwa can aka haife su. A watan Janairu 1983 sai ga namu: gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu mutanen Gana ne. Har wa yau da sunan korar ake kiran jakar da suka ƙunsa kayansu a ciki. Shekara goma sha huɗu ba su cika ba, wanda aka kora ya zama mai kora. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Saboda haka Shari'a ba ta kafa hujjarta a kan kirkin baƙo ba. Ta kafa ta a kan tunawa: Isra'ila su ƙaunaci baƙo kamar kansu, domin su ma sun yi baƙunci a Masar.

Mu mazaunan Abuja ya kamata mu fi kowa tunawa. Janar Murtala Muhammed ya yi shelar kafa birnin a ran 3 ga Fabrairu 1976, gwamnati kuwa ta taso daga Ikko ta tare a ran 12 ga Disamba 1991. Banda Gbagyi da sauran kabilun da aka iske a wurin, waɗanda aka tashi da yawansu daga gonakin kakanninsu, dukanmu zuwa muka yi. A nan kuma hedkwatar ƙungiyar ECOWAS take, wadda ta amince tun 1979 cewa mutanen ƙasashenta su yi zirga-zirga a tsakaninsu. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairu 2025, amma yarjejeniyar gwamnatoci ba ita ce ta haifi hakkin baƙo ba, rushewarta kuwa ba ta kashe shi.

4. Gardamar da ya kamata a amsa

Wani ɗan'uwa zai ce, "Malam, baƙon nan yana karɓar rabin ladan da nake karɓa, ni kuwa ina da iyali a Nyanya, ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta." Ba za mu raina wannan magana ba, gama yunwa gaskiya ce. Amma sai mu tambaya, wane ne ya ci ribar rabin da aka rage? Ba baƙon ba ne. Ya karɓa domin ba shi da wanda zai tsaya masa, yana kuma tsoron a kira masa hukuma. Ribar tana aljihun wanda ya ɗauke shi aiki. Idan lebura ya ƙi lebura, ɗan kwangila ne kan yi dariya.

Kubawar Shari'a 24:14-15 ta tsare wannan ƙofa tun da. Ta sa ɗan ƙodago ɗan ƙasa da ɗan ƙodago baƙo a ma'auni ɗaya, ta ce a biya kowa kafin rana ta fāɗi. Inda aka biya baƙo daidai, ba wanda zai iya yin amfani da shi ya karya ladan ɗan gari. Adalci ga baƙo kāriya ce ga ɗan gida. Yakubu 5:4 kuma ya gargaɗe mu cewa ladan da aka danne yana da murya, Ubangiji yana jinta.

Ba mu ce kada gwamnati ta tsare iyakarta ba, ba mu kuma ce kada a hukunta baƙon da ya yi laifi ba. A hukunta shi domin laifinsa, da shaida, kamar kowa. Amma kada a hukunta shi domin ƙasarsu.

5. Ƙarshen labarin

Matar da aka kira da sunan ƙasarta ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda (Rut 4:17). Matta 1:5 ya rubuta sunanta a cikin asalin Yesu Almasihu. Masu girbin nan ba su san da wa suke cin abinci ba. Mu ma ba mu sani ba. Mun dai san Ubangiji ya ce a Matta 25 zai lissafta abin da aka yi wa baƙo kamar shi aka yi wa. Mu da muke bare ga alkawari, ai da jininsa aka kawo mu kusa (Afisawa 2:12-13).

Tambayoyi

1. Me ya sa shugaban masu girbi ya ambaci ƙasar Rut kafin aikinta? Da waɗanne sunaye muke kiran baƙi a wurin aikinmu?
2. A cikin abu huɗu da Bo'aza ya yi, wanne ne ya fi wuya a gare ka?
3. Ko ka taɓa yin baƙunci a wani gari? Wa ya tsaya maka?
4. Idan kana da mai gadi ko mai aikin gida ko lebura, ko akwai ladansa a hannunka yau?
5. Idan aka zargi baƙo ba shaida a gabanka, me za ka faɗa?

Abin yi a wannan mako

Kowa ya koyi sunan baƙo ɗaya da suke aiki tare, da sunan garinsu, ya riƙa kiransa da sunansa. Wanda ake binsa lada ya biya kafin Lahadi. A haddace Firistoci 19:34.

Addu'a

Ya Ubangiji, kai da ka karɓe mu sa'ad da muke bare, ka gafarta mana zagin da muka yi, da shirun da muka yi sa'ad da ake zagin wani. Ka ba mu zuciya mu tsaya wa baƙo a wurin aiki, mu biya kowa hakkinsa. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.