Gonar Gado: Tamu Ce Ko Ta Gwamnati?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina saro tufafi a kasuwar Baima da ke Guangzhou. Wani abokin cinikina ɗan ƙasar Sin ya ce a wajensu ba mai mallakar ƙasa, na ce mu a gida gonar gado tamu ce har abada. To me ya sa gwamnati ke karɓe gonaki ta ba kamfani, ko ta mai da su gandun daji?

Amsa: Abokinka bai yi ƙarya ba. A Sin filin birni na gwamnati ne, na karkara kuma na jama'ar ƙauye ne a dunƙule. Mai gina gida a birni izinin shekara 70 ake ba shi.

Sai dai mu ma ba mu yi nisa da su ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk filin jiha a hannun gwamna, ya riƙe wa jama'a amana. A Arewa ma Turawa sun kafa irin wannan tsari tun 1910. Abin da ka gada a idon doka haƙƙin zama da noma ne. Gwamna na iya soke shi don amfanin jama'a, kamar hanya, dam ko haƙar ma'adinai. Diyyar kuwa ta guminka ce: gini, rijiya, shuka, da itatuwa irin su ɗorawa da tsamiya.

A nan rigima ke tasowa, domin manomi kabarin kakansa yake gani, hukuma kuma taswira. Da aka gina dam ɗin Bakolori kusa da Talata Mafara, ruwa ya cinye gonaki, diyya ta yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyi. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da dama. Gbagyi ma, da muke kira Gwari, har yau suna kokawa kan ƙasarsu da aka yanka wa Abuja a 1976.

A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana cewa kada a tashi 'yan asalin wuri sai da yardarsu, amma Najeriya ta ƙaurace wa ƙuri'ar.

Shawarata, Alhaji: in ka dawo, ka nemo wa gonar takardar shaida a ƙaramar hukuma, ka ƙidaya itatuwanta a gaban mai unguwa, ka adana takardun.