Uwargida a Kicin: Ƙanƙarar Mangwaro da Kankana ta Gida

Duk wadda ta zauna a ƙasar Haɗeja ta san zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi kan wuce 40. A daidai wannan lokaci ne kuma mangwaro ke cika kasuwa har ya riƙa ruɓewa a tire, ga kankanar noman rani da ake ɗaukowa daga fadamun Auyo, Kafin Hausa da Kirikasamma. Yara kuwa ba su da magana sai ta ƙanƙara, kuma in ba a yi musu a gida ba, za su saya a bakin makaranta.

To, a nan gizo ke saƙar. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka sanyi na kashe ƙwayoyin cuta. Ba ya kashewa. Ƙwayar cutar taifot na iya zama a cikin ƙanƙara da ranta, tana narkewa a ciki ta kama aikinta. Mu da ke zaune a bakin kogi mun fi kowa buƙatar kula da wannan, domin duk shekarar da ruwa ya yi ambaliya, kamar 2012, 2020 da 2022, ƙazanta kan gangara cikin rijiyoyi. A shekarar 2021 kuma Jigawa na cikin jihohin da cutar amai da gudawa ta fi yi wa ɓarna a Najeriya. Saboda haka darasin farko shi ne ruwa: duk ruwan da zai shiga haɗin nan ki tafasa shi, ya yi aƙalla minti 1 yana tafasa sosai, ki rufe ya huce. Ki wanke hannu da sabulu, ki wanke bayan mangwaron da na kankanar kafin ki sa wuƙa, don wuƙar ce ke jan dattin bawo zuwa ciki.

Kayan haɗi: mangwaro nunannu manya guda 6, suga kofi 1, ruwa rabin kofi, lemun tsami 2, gishiri ɗan ƙanƙane, sai citta ɗanya ga mai so.

Uwargida ki fara da ruwan suga. Ki zuba sugan da ruwan a tukunya, ki jefa cittar da kika daddaka, ki ɗora a wuta har sugan ya narke ya tafasa, sai ki sauke ki tsame cittar. Ki fere mangwaron ki yanke tsokar ki markaɗa a blanda. In ba ki da blanda, ki matse shi da hannu mai tsabta a roba. Binta suga ya fi daɗin wannan aiki, amma mai zare ma yana yi, illa dai sai kin tace shi a rariya kina dannawa da bayan ludayi. Abin da ake so shi ne kofi 4 na markaɗen. Ki zuba ruwan sugan da ya huce, ki matse lemun tsamin, ki sa gishirin, ki juya.

Yanzu ki ɗanɗana. Ya kamata ki ji zaƙin ya ɗan fi yadda kike so, domin sanyi na rage wa harshe jin zaƙi. Amma aikin suga a nan ya wuce zaƙi. Shi ne ke hana ruwan daskarewa ya zama dutse, shi ya sa ƙanƙarar ke yin laushi har cokali ya shiga. Idan ya yi kaɗan sai ki samu abin da sai an sa haƙori, idan ya yi yawa kuma ta ƙi kamawa ko ta kwana a firiza. Awon da ya fi dacewa shi ne kofi 1 na suga ga kofi 4 na markaɗe. Wannan ne ma dalilin da ya sa ƙanƙarar da aka yi da sakarin take da tauri: akwai zaƙi, amma babu laushi. Ni dai ban ga amfanin sa kala ko sinadarin ƙamshi ba, alhali mangwaro ya zo da nasa.

Ki juye a faffaɗan kwanon silba, kada zurfinsa ya wuce gaɓa biyu na yatsa, ki rufe ki sa a firiza. Bayan kamar minti 45 za ki ga gefe-gefe ya fara kamawa. Ki sa cokali mai yatsu ki karce, ki janyo gefen zuwa tsakiya, ki mayar. Ki maimaita sau uku ko huɗu. Karcewar nan ita ke farfasa ƙanƙarar tun tana ƙanana, kada a yi mata kasala.

Kankana haka ake yi mata, sai dai ki cire 'ya'yan, kuma kada ki ƙara ruwa ko kaɗan, don sama da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. Ki narkar da sugan a cikin ruwanta. Ita ba ta yin santsi irin na mangwaro, takan fito gari-gari, kuma haka ɗin ake so. In kina son ta yi jiki, ki haɗa ta da ayaba ɗaya ko biyu.

Wadda ba ta da firiza, ko wuta ta ƙi zama, kada ta ce an bar ta a baya. Ki sayi ƙanƙarar bulo ki farfasa a cikin buhu, ki zuba a kula, ki barbaɗa gishiri kofi 1 ga kowane kofi 4 na ƙanƙara. Gishiri na sa ƙanƙara ta narke, tana narkewa kuma tana zuƙe zafin abin da ke kusa da ita, har sanyin ya sauka ƙasa da sifili sosai. Ki ƙulla haɗinki a leda biyu, kaɗan-kaɗan, ki binne a ciki, ki riƙa jijjiga kular. Cikin minti 20 zuwa 30 zai kama. Ki ɗauraye bayan ledar da ruwa mai tsabta kafin ki kwance, don ba ki san da wane ruwa aka yi ƙanƙarar bulon ba, ga kuma gishiri.

Masu son mayar da abin sana'ar cikin gida, ƙullin leda ya fi sauƙi, amma kada a hura ledar da baki don a buɗe ta. Idan an ɗauke wuta a bar firizar a rufe, kuma wadda take cike ta fi riƙe sanyi, don haka a cike gurbin da robobin ruwa. Ƙanƙarar da ta narke har ta yi ɗumi ba a mayar da ita a sake daskarwa a sayar wa 'ya'yan mutane, zubarwa ake yi.

Idan kin musanya suga da zuma, kada ki ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Mai ciwon suga a gidan kuma ki ɗebar masa markaɗen tun kafin ki zuba ruwan suga, ki daskarar masa daban, ya sha kaɗan.