Bitamin da farfaɗiya: abin da nake gani a tagar ba da magani

Aikina harhaɗa magunguna ne a asibiti, kuma akwai tambayar da ba ta ƙarewa daga bakin masu farfaɗiya da iyayensu: "Malam, babu wani bitamin da za a ƙara masa?" Amsar ita ce akwai. Sai dai inda bitamin ke da amfani daban, inda masu talla ke nuna wa mutane daban, kuma tsakanin wuraren nan biyu ne ake yin asarar lafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. A wajenmu, sau da yawa ciwon yana biyo bayan abin da ya bar tabo a ƙwaƙwalwa: sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, doguwar naƙudar da jariri ya galabaita, ko buguwar kai a haɗarin babur. Bitamin ba ya goge wannan tabo. Maganin asibiti shi ke danne tartsatsin da ke tashi daga wurin, shi ma sai an sha kullum, a kan lokaci, don kada ƙarfinsa ya sauka a cikin jini.

Wata uwa ta taɓa ajiye mini wata farar roba a kan tebur, mai hoton ƙwaƙwalwa da koren ganye. Wata maƙwabciyarta mai sayar da irin waɗannan kayan ce ta ce mata maganin asibiti "danne ciwo kawai yake yi", wannan kuwa daga tushe yake tumɓukewa. Kuɗin robar ya fi na maganin ɗanta na wata guda, kuma ba ta da halin sayen biyun, sai ta zaɓi wanda aka ce yana warkarwa. Yaron yana tsaye a gefenta, hannunsa na hagu naɗe da bandeji tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ciwon ya kada shi a gefen murhu. Na ce, "Hajiya, tun yaushe ya daina shan Tegretol ɗinsa?" Sai ta sunkuyar da kai. Ban ga laifinta ba. Uwa ce da ta gaji da ganin ɗanta yana faɗuwa, wani ya yi ciniki da gajiyarta. Abin da ba a gaya mata ba shi ne, yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya, musamman fenobabiton, yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kashe mutum.

Gaskiyar da masu talla ke rataye ƙaryarsu a jikinta ita ce labarin bitamin B6. Ƙwaƙwalwa na bukatarsa wajen haɗa sinadarin da ke kwantar da jijiyoyinta. A farkon shekarun 1950, jarirai a Amurka sun yi ta jijjiga saboda wata madarar gwangwani da zafin sarrafawa ya lalata mata B6, da aka mayar musu da shi suka daina. A 1954 kuma aka fara bayyana wata farfaɗiya ta gado wadda ke kama jariri tun kwanakinsa na farko, ba ta jin magungunan da aka saba, sai B6. Ciwo ne da ba a cika samunsa ba, likitan yara ne ke gwada shi a asibiti yana sa ido a kan numfashin jaririn. Haka nan muna haɗa wa masu shan isoniyazid, maganin tarin fuka, da B6, domin maganin yana cinye shi. A duk waɗannan, akwai giɓin da aka sani, aka cike. Wanda jikinsa bai rasa B6 ba, in ya yi ta ɗirka wa kansa mai yawa wata da watanni, abin da zai samu shi ne lalacewar jijiyoyin hannu da ƙafa: dindiris, suka kamar ana soka allura, da tangaɗi wajen tafiya.

Wanda ya fi damuna, don kusan babu mai tambayarsa, shi ne bitamin D. Fenobabiton da fenitoyin da kabamazefin, wato Tegretol, su ne magungunan da suka fi yawa a hannun mutanenmu saboda sauƙin kuɗi, kuma dukkansu suna sa hanta ta riƙa narkar da bitamin D da sauri. Bayan shekaru sai ƙashi ya fara laushi. Ka ga mutumin da dama yana yawan faɗuwa, ga ƙashinsa ya raunana, karaya ba ta yi masa nisa ba. Abin ya fi tsanani ga yaran da ake ɓoyewa a ɗaki don kunyar idon jama'a, ba sa ganin rana, da matan da ba sa fita. A nan bitamin D da kalsiyam suna da aiki na gaske, aikin kare ƙashi, ba na hana faɗuwa ba. Duk wanda ya daɗe a kan waɗannan magunguna, ya tambayi likitansa.

Sai folik asid ga mata. Mace mai farfaɗiya da ke shekarun haihuwa ya kamata ta fara shansa tun kafin ta ɗauki ciki, domin lakar bayan jariri tana rufewa ne a cikin watan farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba. Amma wadda ke shan maganin farfaɗiya na Epilim, kada ta ɗauka folik asid ya gama kare ta. Wannan magani yana da haɗari ga ɗan tayi, kusan jariri 1 cikin 10 kan zo da tawayar halitta, don haka tun ana maganar aure ake zuwa wurin likita ya duba ko za a sauya. Ba ita za ta ajiye da kanta ba.

Akwai kuma waɗanda ke cutarwa kai tsaye. Ganyen ginkgo, da ake sayarwa a matsayin mai ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, yana iya tayar da jijjiga. St John's wort, da ake sha don damuwa, yana rage ƙarfin maganin farfaɗiya a jini. Lambar NAFDAC da mai talla zai nuna maka ba shaida ba ce cewa abin yana maganin farfaɗiya. Juya robar, sau da yawa za ka ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

Wasu kan tambaye ni abincin nan mai yawan maiƙo da ƙarancin sitaci da ake kira kito. Tun 1921 aka fara amfani da shi a asibitin Mayo na Amurka, kuma yana taimakon wasu yaran da magani ya gaza a kansu. Amma auna shi ake yi a sikeli, da masanin abinci da gwajin jini. Hana yaro tuwo a gida ba shi ba ne.

Roƙona ga iyaye da masu ciwon kansu: ranar ganin likita, ku zubo duk abin da ake sha a leda guda, na asibiti, da na kemis, da na kanti, da jiƙo, da garin da kaka ta aiko. Ba za mu yi muku faɗa ba. Za mu duba wanda zai zauna lafiya da maganin, da wanda zai karya shi. Idan kuɗin magani ne ya gagara, ku faɗa mana kafin ƙwayar ƙarshe ta ƙare, akwai mai araha da likita zai iya komawa kansa a hankali. In kuma jijjiga ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, a kwantar da mutum ta gefe, kada a sa masa cokali ko ruwa ko wata ƙwaya a baki, a garzaya da shi asibiti.