Tattalin icce a murhu

A da, mace tana samun icce a bayan gari. Yanzu sai ta yi sammako, ta yi tafiya mai nisa, ta komo da rana tsaka da dami guda. Wata kara take ƙonawa, wata kashin shanu. Alhali kara da kashin shanu abincin gona ne. In sun tafi murhu, gona ta kwana da yunwa.

Murhun duwatsu uku shi ne babban maɓarnaci. Iska tana shiga ta kowane gefe, ta kwashe wuta, tukunya ta samu kaɗan. Mace mai dabara takan kewaye murhunta da laka, ta bar ƙofar icce da ƴar kafar hayaƙi. Ko dala ba ta kashewa. Mai hali kuwa ta sayi murhun ƙarfe, Mai Sauƙi, wurin maƙera.

Tana rufe tukunya da marfi. Tana jiƙa wake tun da dare, don ya nuna da wuri. Ba ta sa ɗanyen icce: hayaƙi yake yi, ya ɓata ido da ƙirji. Da ta sauke tuwo, sai ta janye bakin wuta ta turbuɗe shi cikin rairai. Da shi za ta hura wutar gobe.