Yadda Ake Tsaftace Iskar Da 'Yan Sama Jannati Ke Shaƙa

Tashar sararin samaniya ta ISS tana shawagi ne kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, kuma tun watan Nuwamba na 2000 mutane ke zaune a cikinta. Can babu tagar da za a buɗe a sha iska, don haka dole na'urori su riƙa cire abu biyu da ke ɓata iskar ciki: danshi da iskar kabon dayoksaid.

Mutum ɗaya yana fitar da kusan kilo 1 na kabon a rana. Da yake babu nauyi a can, numfashinsa ba ya tashi sama, sai ya taru a gaban fuskarsa ya jawo ciwon kai da kasala. Shi ya sa fankokin tashar ba sa hutawa.

Cire danshi

Danshin daga numfashi da gumi yake fitowa. Idan ya yi yawa, raɓa za ta kwanta a kan kayan lantarki, bango ya yi fumfuna. Ana tura iskar ta kan ƙarfe mai sanyi, danshin ya koma ruwa, kamar gumin kwalbar lemo mai sanyi. Tunda ruwan ba zai ɗiga da kansa ba, wani inji mai juyawa ne ke raba shi da iska, sannan a tace shi a sha. A 2023 hukumar NASA ta sanar cewa tana dawo da kashi 98 cikin 100 na ruwan tashar.

Cire kabon

A ɓangaren Amurka, na'urar CDRA ce ke wannan aiki a mataki uku:

1. A ƙara busar da iskar da silika jel, irin ƙwayoyin da ake samu a ƙaramin ƙulli cikin kwalin sabon takalmi ko kayan lantarki.

2. A wuce da ita ta cikin sinadarin ziyolait, wanda ƙananan ramukansa ke riƙe kabon. Busarwar dole ce, domin ziyolait ya fi kama ruwa.

3. Idan ya cika, a ɗumama shi, kabon ya fice zuwa sarari, a sake amfani da shi.

Kumbon Apollo 13 ya nuna haɗarin a watan Afrilu na 1970. Bayan fashewar tankin iskar oksijin, mutum 3 suka koma ƙaramin kumbon da aka ƙera don mutum 2, kabon ya fara taruwa. Gwangwanayen tace iskar da suka rage masu kusurwa huɗu ne, mazauninsu kuwa zagayayye. Da leda, kwali, tiyo da salatif suka haɗa su, suka dawo gida da ransu.