Yadda Ake Zaɓar Makarantar Likitancin Haƙori a Amurka: Lissafin Kuɗi da Batun Zama Ɗan Jiha

Karatun likitancin haƙori a Amurka yawanci shekara huɗu ne bayan digirin farko, kuma yana cikin karatun da suka fi cin kuɗi a ƙasar. Alƙaluman ADEA, ƙungiyar makarantun wannan fanni, sun nuna cewa waɗanda suka yi karatun da rance a 'yan shekarun nan suna fita da bashin kimanin dala dubu 300 a wuyansu. Digirin kuwa, ko DDS aka kira shi ko DMD, darajarsa ɗaya ce wajen neman lasisin aiki, muddin hukumar CODA ta amince da makarantar, kuma kowa jarrabawar ƙasa ɗaya yake rubutawa, wato INBDE. Ɗalibai biyu kan gama a rana ɗaya da ilimi iri ɗaya, amma bashin ɗaya ya ninka na ɗayan. Saboda haka da lissafi ake fara zaɓen makaranta, lissafin kuma ya rataya ne a kan jihar da ta ɗauki mai nema a matsayin nata.

Mataki na farko shi ne mai nema ya tabbatar da jihar da doka ta san shi da ita. Wanda ya saba da tsarin Najeriya, inda asalin iyaye ke nuna jihar mutum, sai ya ajiye wannan tunani. A Amurka zama ake dubawa. Yawancin jihohi suna buƙatar mutum ya yi wata 12 a cikinsu kafin fara karatu, kuma ya nuna ba karatun kaɗai ne ya kawo shi ba. Hujjojin da ofishin rajista ke nema sanannu ne: lasisin tuƙi na jihar, rajistar zaɓe, takardun biyan haraji, yarjejeniyar hayar gida, da shaidar aiki. Wanda iyayensa ke ɗaukar nauyinsa, galibi jihar iyayen ake liƙa masa, ko da a wata jiha ya yi jami'a. Kowace jiha da dokarta, don haka ƙa'idar da makarantar ta wallafa ake karantawa layi-layi, ba a dogara da abin da aboki ya faɗa.

Muhimmancin wannan mataki ya zo ta fuska biyu. Makarantun gwamnatin jiha da harajin mazauna jihar ake tafiyar da su, shi ya sa ɗan jiha ke biyan kuɗi ƙasa da na baƙo, bambancin kuma kan kai dubban daloli masu yawa kowace shekara. Fuska ta biyu ita ce gurbin karatun kansa. A Teksas doka ta taƙaita baƙi zuwa kashi 10 cikin 100 na ɗaliban makarantun gwamnati na likitanci da na haƙori, kuma jihar tana da nata tsarin neman gurbi, TMDSAS, dabam da AADSAS da sauran makarantu ke amfani da shi. Makarantar haƙori ta Jami'ar East Carolina kuwa mazauna North Carolina kaɗai take ɗauka. Aika takarda irin waɗannan wurare ba tare da duba ƙa'ida ba, zubar da kuɗin fom ne kawai.

Akwai jihohin da ba su da makarantar haƙori ko ɗaya, kamar Alaska, Hawaii, Montana da Wyoming. Mazaunansu sai su nemi shiga shirin musayar ɗalibai na hukumar WICHE, inda jiharsu ke biya musu wani kaso na kuɗin karatu a makarantar wata jiha. Wasu jihohin na gindaya sharaɗin a dawo gida a yi aiki bayan kammalawa. Idaho tana da yarjejeniya da Jami'ar Creighton da ke Omaha, Kansas kuma da Jami'ar Missouri da ke Kansas City. Guraben waɗannan shirye-shirye kaɗan ne, kuma ranar rufe nemansu dabam take da ta makarantu.

Mataki na biyu, wanda masu nema da yawa ke tsallakewa, shi ne a tambayi kowace makarantar gwamnati ko baƙo zai iya komawa ɗan jiha bayan shekarar farko. A Kalifoniya, New York da Ohio hakan na yiwuwa ga wanda ya cika sharuɗɗa, ya biya kuɗin baƙo shekara ɗaya, sauran ukun ya biya na 'yan gida. Jami'ar Michigan kuwa ta yi suna wajen tsauri, wanda ya shiga a baƙo yawanci a baƙo yake fita. Wannan tambaya guda kan juya lissafin gaba ɗaya, kuma ya kamata amsarta ta zo a rubuce daga ofishin da ke kula da batun. Inda hakan ke yiwuwa, tun makon farko ake canza lasisin tuƙi, a yi rajistar zaɓe, a fara adana rasit ɗin haya, domin daga lokacin ake fara ƙirga watannin.

Mataki na uku shi ne haɗa cikakken kuɗin shekara huɗu. Kuɗin koyarwa wani yanki ne kawai. Akwai kayan aiki da ɗalibin haƙori ke saya ko haya tun shekarar farko: injin gogar haƙori na hannu, haƙoran roba da ake koyon aiki a kansu, tabarau mai ƙara girman abu da fitilarsa ta goshi. Akwai inshorar lafiya, kuɗin jarrabawa, haya da abinci. Kowace makaranta tana wallafa jimillar da ta ƙiyasta, kuma ita ake kwatantawa, tare da tuna cewa kuɗin na ƙaruwa kusan duk shekara. A makarantu masu zaman kansu da ke manyan birane, kamar NYU a New York da USC a Los Angeles, jimillar kan haura dala dubu 500. Waɗannan ba ruwansu da jihar mutum, farashi ɗaya ne ga kowa, shi ya sa wani lokaci makaranta mai zaman kanta a gari mai sauƙin haya kan fi ta gwamnati araha ga baƙo. Jami'ar Pacific da ke San Francisco tana gama karatun cikin shekara uku, don haka a lissafinta sai a saka albashin shekara guda da ɗalibi zai riga sa'o'insa samu.

Mataki na huɗu ya shafi inda kuɗin zai fito. Rancen gwamnatin tarayya ga ɗaliban wannan mataki yana tara kuɗin ruwa tun ranar da aka karɓa, a 'yan shekarun nan wajen kashi 8 cikin 100. Dala dubu 50 da aka ranta a shekarar farko za ta tara dala dubu 4 duk shekara, wato kusan dubu 16 kafin a karɓi digiri. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ƙara tsananta lamarin: daga 1 ga Yulin 2026 an rufe wani rancen tarayya mai suna Grad PLUS ga sababbin masu karɓa, an kuma ƙayyade rancen ɗaliban fannoni irin wannan a dala dubu 50 a shekara, dubu 200 gaba ɗaya. Abin da ya haura haka sai daga aljihun iyali ko rancen banki, wanda ba shi da sassaucin biya irin na gwamnati. Makarantar da jimillarta ta yi kusa da wannan iyaka ta fi kowace kwanciyar hankali.

Akwai tallafin da ke ɗauke kuɗin karatu duka a madadin aiki. Shirin HPSP na sojojin ƙasa, na ruwa da na sama yana biyan kuɗin makaranta har da alawus, ɗalibi kuma ya yi wa soja aiki, yawanci shekara ɗaya a kan kowace shekarar tallafi. Shirin NHSC yana yin irin haka ga wanda zai yi aiki a yankunan da ke ƙarancin likitoci, aƙalla shekara biyu. Wanda ya samu ɗayan biyun, tsadar makaranta ta daina zama damuwarsa. Sai dai dukansu na 'yan ƙasa ne. Mai bizar karatu ta F-1 ba ya samun rancen tarayya, kuma zamansa ba ya mai da shi ɗan jiha komai daɗewa. Likitan haƙorin da ya yi digirinsa a waje, misali a Kano ko Maiduguri, hanyarsa dabam ce: shirin shekara biyu zuwa uku na waɗanda suka riga suka ƙware, wanda ake nema ta tsarin CAAPID.

Mataki na ƙarshe yana zuwa ne daga tsakiyar Disamba, lokacin da makarantu ke fara aika takardun karɓa. Nan ake ɗora sauran abubuwa a kan ma'auni: yawan marasa lafiyar da ɗalibi zai yi wa aiki da hannunsa, yawan waɗanda ke samun gurbin ƙwarewa a fannoni kamar daidaita haƙora ko tiyatar baki, da kusanci da iyali. Waɗannan dalilai ne na gaske, amma ya dace a saka wa kowanne farashi, a ga ko ya cancanci ƙarin dala dubu 100 da kuɗin ruwanta. Ana kuma iya rubuta wa ofishin tallafin kuɗi a nemi ragi, musamman in akwai tayin wata makaranta a hannu. Makarantu kan ba da 'yan makonni a amsa tare da biyan kuɗin kama gurbi, wanda galibi ba a mayarwa. Da zarar an tsai da shawara, sai a sanar da sauran makarantun an janye, domin gurbin ya koma ga wani da ke jerin masu jira.